Daga Rairayi da Kanwa zuwa Ƙarau: Gadon Sana'ar Gilashi da Rabon Ƙasar Jigawa a Cikinsa

A kasuwannin ƙasar Aujara, da ke ƙaramar hukumar Jahun a masarautar Dutse, gilashi yana cikin kayan da ido ya saba da su har ya daina lura da su, domin yana nan a kwalbar turare da ta man shafawa, yana nan a madubin da ake saya wa amarya da kofunan da ake jerawa a ɗakinta, kuma shi ne fuskar wayar hannu da allon sola da ke kan rufin mai cajin waya. Duk da wannan yawa, babu ko ɗaya daga cikin kayan da aka narka aka ƙera a yankin, gama abin da masu haɗa tagogi a Dutse da sauran garuruwa suke yi shi ne yanka gilashin da aka riga aka yi a wani wuri su ɗaura shi a jikin alminiyam.

Wannan lamari ya cancanci a tsaya a kansa saboda dalilai biyu. Na farko, sunan jihar kansa, wadda aka ƙirƙira a 1991, ya samo asali ne daga jigawa, wato tudun rairayi, kuma rairayi shi ne uwar gilashi a ko'ina a duniya. Na biyu, kanwa, wadda ita ce abu na biyu da ake buƙata wajen narka rairayi, ta daɗe tana ratsa wannan yanki a bayan jakuna da takarkarai tana tafiya kudu, inda a da wani ɓangare nata yake ƙarewa a murhun maƙeran gilashi na birnin Bida a ƙasar Nufe.

A daidai lokacin da ƙasashen Turai suka mayar da tsofaffin masana'antunsu na gilashi wuraren da baƙi ke biyan kuɗi su shiga su ga aiki da idonsu, masana'antar gargajiya mafi kusa da ƙasar Hausa tana raye ne a hannun iyalai ƙalilan, kuma mafi yawan matasan Arewa ba su taɓa jin sunanta ba.

Gilashi da ƙarau

Gilashi rairayi ne da aka narkar sannan aka bar shi ya sandare ba tare da ya koma ƙwayoyi ba. Sinadarin da ke cikin rairayi, wanda masana ke kira silika, ba ya narkewa sai zafi ya kai kimanin digiri 1,700 a ma'aunin Selshiyos, zafin da murhun itace ba ya iya kaiwa, don haka tun zamanin da aka gano cewa idan aka gauraya shi da kanwa ko tokar wasu tsirrai yana narkewa a zafin da bai kai haka ba. Ana ƙara farar ƙasa domin gilashin ya yi ƙwari kada ruwa ya ci shi. Gilashin kwalba da na taga da ake gani yau kusan kashi 70 cikin ɗari rairayi ne, kimanin kashi 15 soda ce, wato sinadarin da ke cikin kanwa, sauran kuma mafi yawansa farar ƙasa ce.

Launi yana zuwa ne daga ƙarafan da ke cikin haɗin. Baƙin ƙarfe, wanda kusan babu rairayin da ba shi da ɗan burbushinsa, shi ke sa gilashi ya yi kore ko ruwan ƙasa, jan ƙarfe yana ba da shuɗi mai haske ko ja, yayin da ɗan ƙanƙanin zinariya ke ba da wani irin ja mai zurfi da ake tsada a kansa.

Hausa tana da tsohuwar kalma ga wannan abu tun kafin a ari kalmar gilashi, ita ce ƙarau, wadda take nufin awarwaron gilashi da mata ke sawa a hannu, kuma take nufin gilashi mai tsabta da ɗaukar ido. Da wannan kalma ce aka fassara kofunan Aljanna da aka ambata a Suratul Insan, kuma Alƙur'ani ya ambaci gilashi a Suratun Nur wajen siffanta fitila, da Suratun Namli wajen labarin fadar Annabi Sulaiman, abin da ke nuna cewa almajiri a tsangayar Aujara ya san darajar wannan abu a karatu ko da bai taɓa ganin inda ake yin sa ba.

Abin da Turawa ke kira kiristal kuwa wani nau'in gilashi ne da ake zuba wa sinadarin dalma a madadin farar ƙasa. Wani ɗan kasuwa a Ingila mai suna George Ravenscroft ne ya sami izinin mallakar wannan fasaha a 1674, kuma dokar Turai ta 1969 ta tanadi cewa ba a kiran gilashi kiristal mai dalma sai sinadarin ya kai aƙalla kashi 24 cikin ɗari. Dalmar tana sa gilashin ya yi nauyi, ya karya haske ya watsa shi launi-launi, ya yi amo kamar ƙararrawa idan an ƙwanƙwasa shi, sannan ya yi laushin da za a iya yanka masa zane da dutsen wasawa ba tare da ya tsage ba.

Hanyar kanwa

Kanwar da ta shahara a kasuwannin Arewa tana fitowa ne daga tafkunan ƙasar Manga da Muniyo, a kudu maso gabashin Nijar ta yau, da kuma gaɓar Tafkin Chadi, inda ake haƙo mai ƙarfin da ake kira ungurnu. Daga can ne a da fatake ke ɗauko ta su nufi yamma, kuma hanyarsu ta bi ta ƙasashen da yau suke cikin Jihar Jigawa kafin ta shiga Kano.

Bajamushen nan mai yawon bincike, Heinrich Barth, ya ratsa Gumel a 1851, ya kuma bayyana ta a matsayin babbar kasuwar cinikin kanwa tsakanin Borno da Muniyo a ɓangare guda da ƙasar Nufe a ɗaya ɓangaren. Ya kiyasta cewa kayan kanwar da ke bi ta Kano a shekara ba su gaza lodi 20,000 ba. Mafi yawan wannan kanwa ta tafi ne ga girki da magani da dabbobi da haɗin taba, amma maƙeran gilashi na Bida ma da ita suke narka rairayinsu a lokacin.

Wannan shi ya sa bai dace a ɗauki gilashin Bida a matsayin abin Nufawa su kaɗai ba. A wancan zamani Banufe ne ke zaune a bakin wuta, amma kanwar daga arewa take zuwa a hannun fataken Borno da na Hausa, kuma idan an gama ƙera ƙarau da duwatsun wuya, fatake ne ke komawa da su kasuwannin Hausa inda mata ke saye. A lokacin sana'ar tana da ƙafa ɗaya a Nufe, ɗaya kuma a kan tsohuwar hanyar da ta ratsa arewacin Aujara.

A unguwar Masaga

Daga Aujara zuwa Bida, a Jihar Neja, tafiya ce ta sama da kilomita 600, ta Kano da Kaduna da Minna. Bida ta zama babban birnin Nufe a tsakiyar ƙarni na 19, a zamanin sarakunan gidan Malam Dendo irin su Usman Zaki da Masaba, waɗanda suka tara masu sana'o'i a birnin aka ba kowane rukuni unguwarsa da shugabansa. Maƙeran tagulla da farin ƙarfe suna da tasu, maƙeran gilashi kuma suna da tasu, wadda ake kira Masaga, sunan da ya zama na unguwar da na mutanen baki ɗaya. Riwayar da suka gada ta ce kakanninsu daga Masar suka taso, suka yi ta zango har suka iso Nufe da sana'arsu, kuma har yau gado ce, ɗa yana koya a gefen mahaifinsa ko baffansa.

Baƙon da ya zo da tunanin zai ga doguwar masana'anta mai bututun hayaƙi zai tarar da ɗaki ne na laka, mai duhu daga ciki, wanda aka gina murhun yumɓu a tsakiyarsa daf da ƙasa. Duhun yana da amfani, domin maƙerin gilashi da launin wuta yake gane zafi, kuma hasken rana yana ɓoye masa bambanci tsakanin ja mai duhu da ja mai ɗorawa, wanda shi ne bambanci tsakanin gilashin da zai miƙu da wanda zai ƙi. Maƙera suna zaune kewaye da murhun, kowa da sandunan ƙarfensa da awartakinsa, mutum guda kuma yana kan zuga-zugi ba ya tsayawa, gama da zarar iska ta yanke zafi zai sauka aikin kowa ya tsaya. Itace ne abincin wutar, kuma tana cin sa da yawa.

Dutsen wuya ana yin sa ne ta hanyar naɗi. Maƙeri yana ɗebo narkakken gilashi a bakin sanda guda, ya ja shi ya yi sirara kamar zare, ya naɗa a jikin wata sandar yana juya ta, sannan ya daidaita siffarsa a kan ƙarfe ko ya latsa masa gefe-gefe. Idan ana son ado, sai a ɗora zaren wani launi a kansa tun yana da zafi, a mayar cikin wuta har su zama jiki ɗaya. Gurbin sandar shi ke zama ramin da za a zura zare.

Aikin ƙarau ya fi wannan ban mamaki, kuma shi ne abin da ya ɗaga sunan Masaga a wurin masana. Ana farawa da dunƙulen gilashi mai rami a bakin sanda, sai a zura sanda ta biyu a ramin, a riƙa juyawa ana buɗa shi a hankali a bakin wuta, har ƙaramin zobe ya zama awarwaron da zai shiga hannun mace. Babu inda aka haɗa baki da baki, saboda haka babu tabon haɗi ko kaɗan. Masu binciken kayan tarihi a Faransa, waɗanda ke neman gane yadda mutanen ƙasar suka yi irin wannan awarwaro maras haɗi fiye da shekara 2,000 da suka wuce, sun koma ga kallon hannun maƙeran Bida, domin fasahar ta ɓace a Turai tuntuni amma ta wanzu a nan.

Mataki na ƙarshe shi ne sanyaya kaya a hankali. Gilashin da ya huce farat ɗaya yana riƙe da wani ɗauri a cikinsa wanda zai sa ya tsage ko da bayan kwanaki, don haka ake barin sa a wuri mai ɗumi kusa da wuta har zafin ya sauka da kansa. Manyan masana'antu suna da tanderu na musamman domin wannan aiki, amma ƙa'idar guda ce.

A da, 'yan Masaga da kansu suke haɗa ɗanyen gilashinsu daga rairayi da kanwa, a wani rami da ake hura wa wuta kwana da kwanaki, abin da ke fitowa kuma baƙin gilashi ne mai sheƙi da suke kira bikini. Bajamushe Leo Frobenius, wanda ya ziyarci Bida a 1911, da masanin al'adu S. F. Nadel, wanda ya zauna a Nufe a tsakiyar shekarun 1930 ya kuma wallafa littafinsa kan masarautar a 1942, duk sun rubuta labarin wannan unguwa. Tun a lokacin kwalaben Turai sun fara shiga murhun, saboda narka kwalba ya fi haɗa bikini sauƙi da arha nesa ba kusa ba, kuma yana ba da launuka iri-iri: kore da ruwan ƙasa daga kwalaben abin sha, shuɗi daga na magani, fari daga kwalaben man shafawa.

Sannu a hankali aka daina haɗa bikini, har aka yi fiye da rabin ƙarni ba a hura raminsa ba. Sai a 2019 ne dattawan unguwar, da goyon bayan Etsu Nupe Alhaji Yahaya Abubakar da ƙoƙarin marubuciya Lesley Lababidi, suka sake gwada haɗin bisa abin da suka tuna daga iyayensu, aka kuma ɗauki aikin a fim. Wannan ne ɓangaren gadon da ya fi kusa da salwanta, kuma shi ne ɓangaren da ya shafi kanwar Arewa kai tsaye, domin ranar da aka daina haɗa bikini ita ce ranar da igiyar da ta ɗaure Masaga da hanyar Gumel ta tsinke.

Abin da ƙasa ta ɓoye

An daɗe ana koyarwa cewa duk gilashin da aka samu a Afirka ta Yamma daga ƙetaren Sahara ko daga teku ya zo. Binciken da masanin kayan tarihi Abidemi Babatunde Babalola ya jagoranta a Igbo Olokun, cikin Ile-Ife, ya rushe wannan zato, domin an tono duwatsun ado kusan 13,000 tare da fasassun tukwanen narki, kuma gwajin sinadarai ya nuna cewa gilashin yana da wani haɗi na daban, mai yawan farar ƙasa da alminiyam, wanda aka yi da kayan yankin tsakanin ƙarni na 11 da na 15. An ga irin wannan gilashi har a Gao da ke Mali.

A Igbo-Ukwu, gabas da kogin Kwara, Thurstan Shaw ya tono duwatsun ado fiye da 165,000 na gilashi da na dutse, daga wajajen ƙarni na 9 zuwa na 10. A ƙasar Hausa kanta, kaburburan Durɓi Takusheyi da ke kusa da Mani a Jihar Katsina, waɗanda aka fara tonawa a 1907 aka kuma koma a 1992, sun fitar da duwatsun gilashi tare da wuri da kwanonin tagulla. Daga baya, ayarin Turabulus ya riƙa kawo duwatsun Benis na Italiya da madubai zuwa kasuwar Kurmi ta Kano, kuma har gobe Hausawa ne suka fi yin fice a fataucin tsofaffin duwatsun ado a kasuwannin Afirka ta Yamma.

Masana'antar da ta zama wurin ziyara

Misalin da ya fi fito da yadda ake raya irin wannan gado shi ne na birnin Waterford a ƙasar Ailan. 'Yan uwa biyu, George da William Penrose, suka kafa masana'antar kiristal a can a 1783, ta durƙushe a 1851, sannan aka farfaɗo da ita a 1947 da taimakon ƙwararru daga ƙasar Cek, wadda yankinta na Bohemiya ya daɗe da shahara a yankan gilashi. A 2009 babbar masana'antar ta sake rufewa saboda karyewar jari, aka mayar da mafi yawan aikin wasu ƙasashen Turai. Abin da aka buɗe a tsakiyar birnin a 2010 ƙaramar masana'anta ce da aka tsara tun daga tushe domin baƙo ya bi aiki mataki-mataki.

Ziyarar tana farawa ne daga ɗakin da ake sassaƙa mazubin katako, wanda zafin gilashi ke cinyewa cikin kwanaki kaɗan, sai a wuce wurin busa, inda ake ɗebo narkakken kiristal daga tanderun da zafinsa ya kai wajen digiri 1,400 a bakin dogon bututun ƙarfe, maƙeri ya busa iska da bakinsa yana juyawa har ya cika mazubin. Wannan dabara ta busa an gano ta ne a yankin Sham a ƙarni na farko kafin haihuwar Annabi Isa, kuma ita ce ta bambanta aikin Turai da na Masaga, inda naɗi da buɗawa suka fi ƙarfi. Bayan kaya ya huce ana duba shi, wanda aka samu da aibi a fasa a mayar cikin tanderu, wanda ya tsira kuma a yi masa layukan jagora da alƙalami, sannan ya isa hannun mai yanka, wanda ke riƙe kofi ko tulu da hannu biyu yana danna shi a kan dutsen wasawa mai juyawa, ruwa na zuba, yana auna zurfin kowane yanka da ido da nauyin hannu. Koyon wannan aiki yana ɗaukar shekara biyar, kaiwa matsayin gwani kuma kimanin takwas.

Darasin da ke cikin wannan tsari shi ne cewa baƙon da ya ga gumin da ke bayan kofi guda yakan daina ganin kuɗinsa da yawa, ga kuma kuɗin shiga da ke taimaka wa masana'antar ta riƙe ƙwararrunta. Haka ake yi a tsibirin Murano, inda hukumar Benis ta tattara maƙeran gilashi a 1291 saboda tsoron gobara.

Akwai abin lura game da dalma, wanda mutanen Arewa suka san illarta tun bala'in gubar da ya kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan haƙar zinariya na Zamfara a 2010. A cikin kiristal dalmar a ɗaure take, amma tana iya tsiyayewa kaɗan-kaɗan cikin abin sha mai tsami idan aka ajiye shi a ciki na tsawon lokaci, kuma ƙurarta haɗari ce ga ma'aikata, shi ya sa masana'antu da dama suke komawa ga haɗin da babu dalma. Gilashin kanwa irin na bikini ba ya buƙatarta tun asali.

Abin da ke cin sana'ar

Ta fuskar karramawa ba a bar gilashi a baya ba. Hukumar UNESCO ta sanya Bida cikin jerin biranen ƙirƙira a fannin sana'o'in hannu a 2021, Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2022 a matsayin shekarar gilashi, sannan a 2023 aka shigar da ƙera gilashi da hannu na wasu ƙasashen Turai shida cikin gadon ɗan Adam, aka kuma sanya busa gilashi ta Siriya cikin waɗanda ke buƙatar ceto na gaggawa. Sai dai takardar yabo ba ta sayen itace.

Makamashi shi ne babbar matsalar wannan sana'a a ko'ina. Lokacin da kuɗin iskar gas ya yi tashin gwauron zabi a Turai a 2021 da 2022, wasu maƙeran Murano sun kashe tanderunsu, kuma abin da gas yake a wurinsu shi ne itace a wurin Masaga. Ga kuma kasuwa, inda awarwaron roba da duwatsun inji daga Indiya da Sin suka cika tebura da farashin da aikin hannu ba zai iya gogayya da shi ba. Yaron da ya ga mahaifinsa ya yini a bakin wuta ya tashi da ɗan abin da bai kai na ɗan acaɓa ba, da wuya a ga laifinsa idan ya nemi wata hanya.

Ra'ayoyi sun sha bamban kan mafita. Masu kishin tarihi suna ganin cewa narka kwalba rabin sana'a ne, asalin gadon shi ne bikini, don haka a can ya kamata a zuba ƙarfi. Masu kallon ciniki suna cewa kwalbar ce ta raya unguwar tsawon ƙarni guda, kuma a zamanin da duniya ke neman sake sarrafa shara wannan abin talla ne. Akwai kuma masu tsoron kada yawon buɗe ido ya mayar da maƙera 'yan wasan kwaikwayo masu hura wuta sai baƙo ya zo. Wannan tsoro yana da tushe, amma ya fi dacewa da wurin da baƙi suka yi yawa, alhali matsalar Masaga ita ce rashinsu, musamman baƙin gida, wato ɗalibai da 'yan kasuwa da matan da iyayensu suka sa ƙarau a hannu.

Rabon Jigawa

Ana yawan jin kiran a kafa babbar masana'antar gilashi a jihohin da ke da rairayi, kuma kira ne mai daɗin ji wanda ke buƙatar a auna shi da kyau. Rairayin jigawa, wanda iska ta tara tun zamanin da hamada ta fi haka matsowa kudu, jansa alama ce ta baƙin ƙarfe, alhali gilashi mai haske garau yana son rairayin da ƙarfensa bai kai kashi ɗaya cikin dubu ba, sai dai idan an wanke shi an tace. Tanderun babbar masana'anta kuma ba a kashe shi dare da rana har tsawon shekara goma ko fiye, wanda ya sa masu yin kwalba a Najeriya, irin su Beta Glass, suka zauna a Agbara da Ughelli inda gas yake kusa. Ko bututun gas na Ajakuta zuwa Kaduna da Kano, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2020, zai sauya wannan lissafi ne kawai idan gas ɗin ya iso kuma ya ɗore.

Ƙaramar sana'a tana da nata lissafin daban. Rairayi mai ƙarfe ba aibi ba ne ga mai yin dutsen wuya, gama shi ke ba da launi, kuma fasassun kwalabe, waɗanda 'yan jari-bola galibi ba sa saye, suna nan a juji da gonaki suna yankan ƙafar manomi da kofaton dabba. Mutanen Krobo na Gana sun gina sana'a mai rai a kan irin wannan shara: suna daka kwalba ta zama gari, su zuba a mazubin yumɓu, su gasa a zafin da bai kai na narki ba, kayan kuma suna cika kasuwar duwatsu ta Koforiduwa har ana fitar da su waje. Garuruwan da ke da maginan tukwane da maƙera sun riga sun mallaki rabin ilimin da ake buƙata, wato sanin yumɓu da sanin wuta.

Iyakar da ba za a tsallake ba ita ce itace. Jigawa tana cikin jihohin da ke fuskantar kwararowar hamada, kuma sana'ar da za ta ci bishiyoyin ƙasar Jahun domin ta yi awarwaro asara ce ko da ta kawo kuɗi, saboda haka duk gwajin da za a yi a nan dole ya tsaya kan gas ko wani makamashin da ba ya sare daji. A wannan gaɓa ne jami'o'i suke da aiki, domin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya tana da sashen koyar da fasahar gilashi, Jami'ar Tarayya ta Dutse kuma, wadda aka kafa a 2011, tana zaune a tsakiyar rairayin da ake magana a kai. Gwada rairayin Aujara da kanwar da ake sayarwa a kasuwarta a ƙaramin tanderun ɗakin bincike, da kai ɗaliban makarantun fasaha na jihar Masaga su zauna su ga yadda ake buɗa ƙarau, aiki ne da kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, kuma dattawan da suka sake haɗa bikini a 2019 su ne kaɗai za su iya nuna yawan kanwar da ake zubawa a kan rairayi da irin launin da wuta take yi idan haɗin ya nuna.